Bandashe a cikin marka: sabon shagon gurasa na wajen Jakara

Duk wanda ya zauna a Kano cikin watan Agusta ya san marka. Gari ya waye a lumshe, rana ta ƙi leƙowa, yayyafi ya wuni yana sauka, shi bai yi ƙarfi ba shi bai ɗauke ba, shanya ta kwana a igiya tana warin danshi. Mutum ya rasa abin da ke masa daɗi. Ni a irin wannan yanayi ba abin da raina ke biyawa sai gurasa mai zafi, don haka da ƙanena ya ce wasu matasa sun buɗe shagon gurasa irin na zamani a tsohuwar unguwarmu, can wajen Jakara, ban yi nauyin ƙafa ba. Na ci a can, na kuma sayo na kai wa iyali, kuma tsakanin ci biyun nan akwai tazara mai yawa.

Shagon ba wani babba ba ne. Zauren wani tsohon gida ne aka fasa aka faɗaɗa, aka shimfiɗa tayil, aka jera teburan roba da kujeru, aka maƙala fitilar sola saboda halin wutarmu. Akwatin gilashi na bakin ƙofa, gurasa a jere a ciki an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Wurin a share yake, akwai bokiti mai famfo da sabulu na wanke hannu, wanda ya kamata a yaba, tunda abinci ne da ba a cinsa da cokali. Ana karɓar tsabar kuɗi, ana karɓar taransfa, akwai kuma POS, sai dai in hadari ya haɗu sabis yakan yi gardama, gara mutum ya riƙo 'yan canjinsa. Yaron da ya tarbe ni cewa ya yi, “Sannu da zuwa Baba, me za a kawo?” Baba fa, a lungun da ake aikena sayen kalwa da gudu. Sai da mai shagon ya fito ya dube ni da kyau, ya russuna ya ce, “Kawu, ashe kai ne? Ina wuni?” Jikan maƙwabtanmu ne, na bar unguwar ana goya shi.

Babbar dabarar da yaran nan suka yi ita ce ba su ce za su gasa gurasar da kansu ba. Daga cikin gida ake kawo musu ita, wurin matan da suka gaji sana'ar, a kwando, da zafinta. Na sha cin gurasar da aka gasa a oben a wasu gidajen abinci na sababbin unguwanni, kuma gaskiya burodi ne aka baje, ba gurasa ba. Ta ainihi sai tanderu. Tukunyar ƙasa ce babba da aka yaɓe da laka, a hura mata wuta da karan dawa har cikinta ya ɗauki zafi, harshen wutar ya lafa ya bar garwashi. Sai mai gashi ta jiƙa hannu, ta gutsuro kwaɓin da ya tashi, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta zura hannun cikin wannan zafi ta manna a jikin tukunyar, ta bi gefe-gefe har ta cika, ta rufe. Shi ya sa gurasar kirki take da fuska biyu: bayan da ya manne da tukunya ya yi ƙauri-ƙauri da ɗigon baƙi, gaban kuma ya kumbura ya yi laushi. Ta shagon nan haka take. Ka yage ta ka ga ramuka a ciki, tururi ya taso da ɗan ƙanshin hayaƙin kara, ga 'yar tsami kaɗan can ƙasa-ƙasa, wadda ke nuna kwaɓin ya samu lokacinsa, ba a cika masa yis don a yi sauri ba.

Manyanmu sukan ce Larabawan da suka zauna a kewayen Kurmi ne suka zo da gurasa, kuma ba abin mamaki ba ne, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ko ma wa ya kawo ta, matan Jakara da na Cediyar 'Yan Gurasa ne suka riƙe ta har ta zama ta Kano. Muna yara mu ke da izinin shiga gidajen gashin, tunda manyan maza iyakarsu zaure. A ba ka sule biyu da kwanon samira a ce maza gidan Inna. Ka tarar da tsakar gida ya turnuƙe, musamman a marka da kara ya sha ruwa ya ƙi kamawa, mata na fifita suna share hawaye da gefen zani, hannayensu duk tabon ƙuna. In Inna ta ga dama ta miƙo maka wadda ta faɗa cikin toka ta ce, “Ungo, kaɗe ka ci, kada ka taɓa ta aike.” Har yau ban ci wadda ta fi waccan mai tokar daɗi ba, amma na san yunwar yarinta ce ke wannan hukuncin.

Bandashen shagon a gabanka ake haɗa shi. Yaron ya ɗauko gurasa biyu ya tsoma a ruwan ɗumi ya cire nan take, bai bari ta jiƙe ba, ya shimfiɗa a faranti. Ya barbaɗe ta da garin ƙuli har sai da fuskarta ta ɓace, ya zagaya da man gyaɗa daga wata kwalba da aka huda murfinta, ya kawo albasa da tumatir, ya tambaye ni yaji nawa. A garin ƙulin ne ake gane mai bandashe. Da yawa yanzu suna haɗa shi da garin masara ko wani abu don ya yi auki, sai ka ji shi salam a baki, ko kuma ƙaragon ya tsufa yana ɗaci. Nasu sabo ne, an daka shi da citta da barkono da ɗan gishiri, kuma ba a niƙe shi luƙwi ba, kana jin ɓarzajensa a haƙori. Man ma na gyaɗa ne na gaske, hancinka zai gaya maka tun kafin ya sauka. A wannan fannin ban da ƙorafi ko ɗaya.

Inda muka saɓa da su shi ne abin da suke kira na musamman. Wai sai an tula kabeji da gurji da karas, a yanka dafaffen ƙwai, sannan a zuba bama a kai. Ƙanena shi ya nema, na ɗanɗana daga farantinsa. Bama da garin ƙuli ba sa jituwa, maiƙo ne kan maiƙo, kuma ruwan kabejin na sauka ya mayar da gurasar tamkar katifar da ruwa ya doka. Na ga 'yan mata da samari ita suke saye suna ɗaukar hoto, to kasuwa ce, ba zan hana yaro neman kuɗinsa ba. Amma in ka je, ka ce a ba ka zalla. In kana son ƙari, akwai mai tsire a tsallaken lungun, yaran shagon za su karɓo maka a yanka a kai, wannan haɗin kam tun kakanni ake yinsa.

Shayinsu kuwa a bar shi. Ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa, ba citta ba kanumfari, a garin da sanyin damina ke shiga ƙashi. Na faɗa wa mai shagon, ya ce, “In sha Allahu za a gyara, Kawu.” Miyar taushe ba kullum suke yi ba, sai ƙarshen mako, ranar da na same ta kuwa ta yi kyau, ganye ya wadata kamar yadda ya dace da damina, an sa gyaɗa ba ƙyashi, naman ne dai sai ka yi bincike.

Maganar kuɗi: lokacin da na je bandashe zalla naira 800 ne, mai tarkacen nan naira 1,500. Wani dattijo da ke gefena ya yi ta mita yana tuna zamanin kwabo, ni ma bakina ya so ya taya shi, sai na tuna halin da masu gashin ke ciki. A farkon Fabrairun 2024 matan gurasa sun fito zanga-zanga a Cediyar 'Yan Gurasa saboda buhun fulawa ya haura naira 40,000, da yawansu sun ajiye sana'ar a lokacin. Ga kara da ake saye, ga man gyaɗa, ga kuɗin dako tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Gurasar ta ƙanƙance, wannan gaskiya ne, wadda da ɗaya ke ƙosar da yaro yanzu sai biyu. Amma a wannan farashi ban ga an cuce ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba laifin shagon ba ne kacokan, amma shi zai fara tarbarka: ruwan bakin ƙofa. Da an yi ruwa na minti kaɗan lungun ya zama rafi, baƙin ruwan kwata ya taso da ledojin fiya wata, sai an jera bulo ana tsallakawa ɗaya bayan ɗaya. Da ba haka unguwar take ba. Akwai kududdufi a bayan gidajenmu, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwar da ita, duk ruwan indararo can yake gangarawa. Ba zan yi masa kwalliya ba, sauro ne da wari da kwaɗi masu hana barci, kuma iyaye na dukanmu in an gan mu a bakinsa, don ya taɓa cin yaro. Amma yana shanye ruwa. Yanzu an cike shi da shara, an yanka filaye, an yi gini a kai, ruwan kuma bai san an sayar ba, yana zuwa neman wurinsa ya tarar da bene, sai ya juyo cikin lungu. Ita kanta Jakarar da muka sani a buɗe, mai bi ta gefen Kurmi ta wuce har madatsar Wasai a Minjibir, an rufe wani sashenta da kankare a aikin titin Wuju-Wuju da aka fara a zangon Kwankwaso na biyu. Gidajen ƙasa masu azara da ake bi da yaɓe kafin kowace damina saura ƙalilan, su ma jiran magada suke su daidaita a kan farashi. Na tsaya ina neman inda bishiyar da muke karatun allo a ƙarƙashinta take, na tarar da shagon cajin waya. Shawarar da na ba yaran ita ce su haɗa kai da maƙwabta su yashe kwatar gabansu, su kuma ɗaga dakalin ƙofar, don tsoho ko mai goyo ba zai iya wannan tsallen bulo ba.

Wani abu guda da suka yi ya sa na yafe musu shayin. Ina cikin ci ruwa ya ƙara ƙarfi, sai ga mutane na shigowa fakewa: mai tallan goro, wani ɗan adaidaita da ya bar kekensa a bakin titi, almajirai biyu da robobinsu, wata tsohuwa da jikarta. Ba wanda aka ce wa ya sayi wani abu ko ya matsa. Yaron ya jawo wa tsohuwar kujera ya ce, “Iya, zauna nan, can yana feshi.” Hira ta ɓarke tsakanin mutanen da ba su san juna ba, daga tsadar taki zuwa katangar wani gida da ta faɗi a daren jiya. Aikin zaure ke nan tun asali, kuma a wannan zauren dai na sha fakewa da allo a ka lokacin mai gidan na da rai. A gidajen abincin da ke da mai gadi a ƙofa ba za ka ga haka ba. Ban sani ba ko za su ɗore da wannan hali in ciniki ya buɗe, amma yanzu kam suna yi.

Wadda na kai gida ce ta ba ni kunya a gaban maiɗakina, bayan na cika ta da labari. A robar tekawe suke zubawa su rufe da zafinta, kafin in fita daga cunkoson Ƙofar Wambai in isa gida ta yi gumi, garin ƙulin ya dunƙule, gurasar ta saki jiki. In dole sai ka tafi da ita, ka ce a naɗe maka gurasar daban a takarda, a ƙulla garin da man daban, ka haɗa da hannunka a gida. Suna yarda in ka nema, ba sa dai tayi.

Kada ka yi sammako a kwanakin marka. Sanyi na sa kwaɓi jinkirin tashi, jiƙaƙƙen kara kuma na ɓata wa masu gashi lokaci, don haka kwandon farko sai hantsi yake isowa, na biyu kuma bayan la'asar, wanda ya zo tsakiya sai ya samu wadda ta huce. Mota ba ta shiga lungun, a bakin titi za ka bar ta, ko ma ka hau adaidaita ka huta da neman wurin ajiyewa. Ka sa silifas ɗin roba, ba takalmin zuwa ɗaurin aure ba. Ranar Juma'a kuma suna rufewa tun kafin azahar, sai an sakko daga masallaci.