Katakon Legas da Ƙwarin da ke Cinsa

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, ga bayanin katakon rufin da ka ce a bincika.

Wajen zaɓi dai Legas ta fi gida. A da, a Oko Baba da ke Ebute Metta ta ruwa ake janyo gungume daga dazukan kudu, a tsaga shi a nan take. A Legas za ka samu tubaifo (inci 2 da 4) da tubaitu (inci 2 da 2) masu ƙafa 12 irin da kake so. Sai dai ɗanye suke sayarwa. A Kano hunturu kan busar da katako tun yana rumfar ɗan kasuwa. Nan kuwa damina biyu ce a shekara, iskar ma jiƙe take.

Ƙwarin iri biyu ne, ban da gara. Na farko ɗanyen gungume yake hudawa, ya bar ƙananan ramuka masu baƙin baki. Wannan muni kawai ya jawo, katako na bushewa ya mutu. Na biyun ne mugu. Macen tana saka ƙwai cikin farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo, inda abincinsa yake, tsutsar ta yi watanni tana ci daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Sai ta zama ƙwaro ta fito za ka ga rami kamar milimita 1 zuwa 2, da gari mai laushi yana zuba kan silin. A lokacin aikin gama ya gama.

Obeche, da Yarabawa ke kira arere, ga arha ga rashin nauyi, amma shi ƙwarin suka fi so. Kada ya hau rufi. Iroko na da tsada, jan cikinsa kuwa ko gara ba ta cika taɓa shi ba. Azarar giginya ta gida har yanzu ba ta da abin kunya a nan.

Kada baƙin katako ya ruɗe ka. Kafintoci da yawa baƙin mai suke zubawa cikin Solignum, maganin ƙwarin katako, don ya yi auki, su goga sau ɗaya. Buroshi fatar sama kawai yake jiƙawa. A jera katakon a inuwa da tsinke tsakani har ya bushe, a tsoma shi cikin magani a rabin duro, duk bakin da zarto ya yanka kuma a sake shafa masa kafin a buga ƙusa.