Taswirar jihar Kaduna da na saya a Sabon Gari: ina aka kai Hunkuyi?

Ajin da nake koyarwa, aji biyar na firamare a Tudun Wadan Zariya, ya daɗe ba shi da taswirar kirki. Wadda muka gada gara ta cinye ta tun daga Kafanchan har Kagoro, kuma ma ta tsufa har ta gaji, don a jikinta Funtuwa da Daura duk suna cikin Kaduna, alhali tun 1987 aka cire Katsina. Shi ya sa da albashi ya shigo na nufi layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari.

Mai shagon da na shiga dattijo ne mai haƙuri. Ya sa yaronsa ya hau kan benci ya sauko da naɗaɗɗun taswirori uku, ya warware mini ɗaya a kan kanta yana cewa, "Malam, wannan ko ruwa ka zuba mata ba ta jiƙa." Ya ce Naira 5,500, na taya 4,000, ya ce albarka, muka daidaita a 4,500. Ya ƙara mini da ƙusoshi huɗu kyauta.

Ta fuskar aiki dai ba ni da ta cewa. Takardar mai kauri ce, an lulluɓe ta da leda, kowace kusurwa da ƙawanyar ƙarfe ta ratayewa. Ƙananan hukumomi 23 kowacce da launinta, Birnin Gwari ta baje a yamma ta fi kowa faɗi, Zariya da Sabon Gari kuwa sun matsu wuri ɗaya kamar 'yan haya. Yaron da ke bencin ƙarshe yana iya karanta manyan garuruwa ba tare da ya taso ba. An fito da titin Kaduna zuwa Kano, da na Funtuwa, da wanda ya bi ta Pambeguwa da Saminaka ya nufi Jos. Kogin Galma ma yana nan da shuɗin layinsa har inda ya faɗa kogin Kaduna, abin da ya ba ni damar nuna wa yara cewa ruwan da suke gani a bayan gari ba a nan ya tsaya ba.

Sai da na rataye ta a aji na ga inda gizo ke saƙar. A jikin taswirar, jan tauraro shi ne alamar hedikwatar ƙaramar hukuma. Ni mutumin Hunkuyi ne, can aka yanke cibiyata, don haka idona can ya fara zuwa. Sai na tarar tauraron yana kan garin Kudan. Hunkuyi kuwa an ba ta ɗan ɗigo baƙi, da rubutu ƙanƙane kamar na takardar magani. To ai kowa a ƙasar Zazzau ya san sunan ƙaramar hukumar ne Kudan, amma sakatariya a Hunkuyi take.

Ban gama jinjina wannan ba wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, garin kakata ma sun cire masa tauraro." Maigana take nufi, hedikwatar Soba, kuma gaskiyarta. Muka bi taswirar da ɗan sanda ni da yaran. Kubau an ɗora tauraro a Kubau maimakon Anchau. Igabi an ɗora a Igabi, an bar Turunku, garin da sunansa ke cikin tarihin Zazzau tun zamanin Bakwa Turunku. Amma Lere an sa Saminaka daidai, Jama'a an sa Kafanchan, Zangon Kataf an sa Zonkwa. Wato inda hedikwatar babban gari ce da sunanta ya yi fice, mai zanen ya dace. Inda ƙaramin gari ne na manoma, sai ya ɗauka sunan hukuma shi ne sunan mazauninta, ya buga tauraro ya wuce. Ina kyautata zaton bai taɓa shiga motar Hunkuyi ba.

Teburin yawan jama'a da ke ƙasan taswirar shi ya fi ba ni aiki. An jera sunaye da alƙaluma, ba a rubuta shekara ba, ba a kuma ce na gari ne ko na ƙaramar hukuma ba. Gaban Kudan an sa kusan dubu 139, gaban Zariya sama da dubu 400. Wani yaro mai kaifin lissafi ya ce, "Malam, ashe garin Kudan ya kai kashi ɗaya cikin uku na Zariya?" Da wannan tambaya muka cinye sauran darasin. Waɗannan alƙaluman ƙidayar 2006 ne, lokacin da aka ce jihar gaba ɗaya tana da mutum miliyan 6 da ɗoriya. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Duk yaran ajin nan ba wanda aka ƙirga, wasu ma iyayensu mata suna firamare a lokacin. Kuma dubu 139 ɗin na ƙasar Kudan ce baki ɗaya, da Hunkuyi da Likoro da Doka da Ƙauran Wali da rugage da ƙauyukan da ke bakin iyakar Danja ta jihar Katsina.

Wanda ya san irin waɗannan garuruwa ya san lamba ɗaya ba ta kama su. Hunkuyi da safiyar ranar aiki daban, da yamma daban, don ma'aikata da yawa daga Zariya suke zuwa, kafin la'asar sun kama hanya. Da rani idan tumatir ya nuna a fadama, za ka ga kwanduna jere a bakin titi da baƙin fuskoki masu saye da masu lodi, ga ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake matse rake. Da damina kuwa gari ya yi tsit, kowa yana gona. Ban ce taswira ta zana duk wannan ba, amma rubuta "ƙidayar 2006" a saman teburi ai ba ya cin tawada.

Shin a saya? Malamin da ya san ƙasar ya saya, za ta yi masa shekaru a bango, kuma a wannan farashi ban ga wadda ta fi ta ƙwari ba. Wanda zai miƙa wa yaro ya haddace don jarrabawa kuwa, ya fara zama da alƙalami. Ni maka mai ja na samu, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, irin wadda ba ta gogewa a kan leda, na zana taurari huɗu a inda ya dace, na soke na kuskuren, na rubuta shekarar a kan teburin.

Ranar Asabar na koma shagon na nuna wa dattijon hoton gyaran a wayata. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Ikon Allah! Ni da nake zuwa Anchau sayen hatsi ban lura ba." Ya ce zai gaya wa wanda ke kawo masa kaya. Kafin nan sai ya miƙo mini maka, ya sa yaron ya sauko da guda shida da suka rage, ya ce, "Malam, taimaka ka gyara mini waɗannan, bari a kawo maka kunun zaƙi."