Minaral ko ruwa: amsa ga Hajiya mai shago a kasuwar Kejetia ta Kumasi

Assalamu alaikum. Hajiya, jiya kin ce tun da zafin nan ya kama, kwalba biyu ta minaral kike sha kullum a shago, ɗaya da azahar ɗaya da la'asar, domin piya wata ba ya kashe miki ƙishirwa. Kika tambaya: ai duk ruwa ne, ko ba haka ba? In kuma da illa, ko ki koma malt?

Ta wani gefen kina da gaskiya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na minaral ruwa ne, kuma jiki yana amfana da shi. Abin dubawa shi ne kayan da ruwan ya ɗauko ya shigo da su.

Ki jera su a kan teburinki ki gani. Ledar piya wata rabin lita ce, babu sukari ko ƙwaya ɗaya. Robar Coca-Cola mai rabin lita kuwa tana ɗauke da sukari wajen giram 53, kusan cokalin shayi 13. Ƙaramar kwalbar nan mai mililita 300 tana da cokali takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a wuni kada ya wuce kimanin giram 50, wato cokali 12, in ma ya tsaya a shida ya fi. Ke kuwa ƙananan kwalabenki biyu sun kai ki cokali 16, ba a lissafa na kokon safe da na shayin dare ba.

Ni da kaina na taɓa auna wa Innarmu a unguwar Aboabo. Na ɗauko faranti na zuba cokali takwas, ɗaya bayan ɗaya, na ajiye kusa da kwalbarta. Ta daɗe tana kallon tulin nan, sannan ta ce ko jikanta ba za ta bari ya lashe wannan ba. Amma a kwalba ba ta taɓa jin ya yi mata yawa ba, saboda sanyi da gas da tsami suna ɓoye zaƙin. Kuma sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Za ki shanye kwalba, ki ci tuwonki daidai yadda kika saba, ragowar kuma jiki ya tara ta kitse, musamman a ciki da hanta. Ta nan ƙiba da ciwon sukari suke samun ƙofa.

Tsamin kansa yana cin haƙori. Mai shago ya fi kowa shiga wannan haɗarin, domin ba a zama ɗaya yake shanyewa ba: kurɓa ɗaya, a sallami mai saye, a dawo a sake kurɓa, haƙora na jiƙe cikin tsami da sukari har awa guda. Ruwa kuwa wanke baki yake yi, yana kuma tsarma fitsari, abin da ke rage haɗarin tsakuwar ƙoda.

Malt ba mafaka ba ce, Hajiya. Ki juya gwangwanin ki karanta, sukarinta bai yi nisa da na minaral ba. Maganar da muka taso muna ji cewa malt da madara suna ƙara jini, har a kai wa mai jego da wanda ya tashi daga zazzaɓi, tana damuna ƙwarai. Jini sinadarin ƙarfe yake buƙata, kuma yana cikin hanta, nama, kifi, wake da ganye irin kontomire, wato ganyen gwaza. Sobolo (wato zoɓo) da lamurje na gida sun fi minaral da malt, don ke ce mai riƙe da cokalin sukarin. Na sayarwa sai yadda mai shi ta ga dama ta zuba. Ruwan kwakwa da ake fasa miki a baro nan take shi ma sukarinsa bai kai rabin na minaral ba.

Ko ta aljihu ruwa ya fi sauƙi, balle tun 2023 da gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai sukari. Ki dai duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin ledar, kada kuma ki sayi wadda ta wuni a rana. Ba sai kin ƙirga leda ba, fitsarinki zai gaya miki: in ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ruwa ya isa, in ya yi duhu kamar shayi, ki ƙara.

Amma abin da ya hana ni barci a saƙonki shi ne cewa ruwa ba ya kashe miki ƙishirwa. Wataƙila zafin Kejetia ne da sabo da zaƙi, harshe ya daina jin daɗin ruwa zalla. To amma ƙishirwar da ba ta jin ruwa, tare da yawan tashi fitsari da dare, kasala, ko rama ba dalili, su ne alamomin ciwon sukari na farko. Haka Innarmu ta fara, muna ta saya mata mai sanyi don tausayi, ashe wuta muke ƙara wa itace.

Don Allah ki je a gwada ki cikin makon nan. Ɗan tsira yatsa ne kawai, a asibiti ko kantin magani mai na'urar. In lambar sukarin jininki ta kai 7.0 a ma'aunin mmol/L ko ta wuce alhali ba ki ci komai ba, sai likita ya sake gwadawa ya tabbatar. Ki tafi da sassafe, kafin ki sha koko.