Labari ko Fatawa: Ibn Ɗufail da Ibn Rushd

Tambaya guda ce ta dami malaman nan biyu na Andalus (yankin Sifaniya a zamanin mulkin Musulmi): shin hankali da wahayi suna karo da juna?

Ibn Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, da labari ya amsa. A littafinsa Hayyu bin Yaƙzan, jariri ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa na shayar da shi. Ran da ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya fita ya bar gangar jikin. Daga wannan gawa ya yi ta bin sawu har ya kai ga sanin Mahalicci. Amma da ya je wa'azi wani tsibirin, mutane suka juya masa baya, ya koma. Yabon hankali ne wannan, ko yanke ƙauna daga jama'a? Marubucin ya bar ka da shi, kuma ni a nan ya fi burge ni.

Ibn Rushd kuwa alƙali ne, bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. A littafinsa Faslul Maƙal tambayarsa ta fiƙihu ce: karatun falsafa haram ne, halal, ko wajibi? Ya jawo ayoyi, ya yanke cewa wajibi ne ga wanda ya cancanta. Mai musu ya san daidai inda zai kama shi.