CalTracs a ƙarƙashin tsohuwar Nova: sun ci kuɗinsu

Duk mai tsohuwar motar Amurka da ke son shiga tseren kwata mil, wato mita 402 a miƙe, shawarata ya ƙyale inji tukuna, ya leƙa ƙarƙashin mota. Tawa Chevrolet Nova ce ƙirar 1970, injinta V8 mai lita 5.7, wanda a nan Amurka suke ce wa 350. Ƙarfi kam akwai. Matsalar tana wajen tashi: fitila ta nuna kore, ka take totur, sai tayoyin baya su kama tsalle suna dukan ƙasa, daf-daf-daf, mota na karkarwa, abokin karawarka kuwa ya yi gaba abinsa.

Nova, kamar Camaro ta zamaninta, aksul ɗinta na baya a kan sifirin mai falle-falle yake, irin na ƙarƙashin a-kori-kura. Idan inji ya murza tayoyi gaba, sai gidan aksul ya nemi juyawa baya, ya lanƙwasa rabin sifirin na gaba. Taya na suɓucewa sifirin ya miƙe da ƙarfi, ta sake kama ƙasa ya sake lanƙwasa. Tsallen ke nan. Ba lokaci kaɗai yake ci ba, yana iya karya haɗin farfela ko haƙoran giyar baya. General Motors, mai ƙera Chevrolet, ma ta san da zancen, shi ya sa daga 1968 ta raba shokozoban baya, ɗaya gaban aksul, ɗaya bayansa. Ya rage, amma bai warkar ba.

Maganin da na saya shi ne CalTracs, na kamfanin Calvert Racing da ke Lancaster a jihar Kalifoniya. A ido ba wani abu ba ne: a kowane gefe sandar ƙarfe ɗaya, ta taso daga farantin da ke ƙarƙashin aksul zuwa wasu faranti biyu da ke lilo a idon sifirin na gaba. Da aksul ya fara juyawa sai ya tura sandar, farantan su juya, wani ƙarfe da ke tsakaninsu ya danne sifirin ta sama. Sifirin ya rasa hanyar lanƙwasa, ƙarfin da a da yake tafiya a banza ya koma danna taya a ƙasa.

Ɗaurawa ba wuya, in ka cire abu ɗaya. Dole a fitar da robar da ke cikin idon sifirin a sa ta alminiyam da ke zuwa a kwalin. Robar da ta haura shekara 50 a wuri ɗaya ba ta fita da lallami. Kada ka wahalar da kanka da guduma, kai wa mai injin matsi.

Saiti ne aikin gaske. Farantan gaba suna da huda biyu. Ta sama tana sa mota ta doki taya da ƙarfi a tashi, ta ƙasa ta fi sauƙi. Sannan ana murɗa sandar har ƙarfen nan ya taɓa sifirin, a ƙara ɗan kaɗan, kuma sai da nauyin direba a kujera, in ba haka ba mota za ta riƙa janyewa gefe. Ni wani abokina mai jiki irin nawa nake zaunarwa, in shige ƙasa da sifana. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Masu gaggawa su ne ke cewa ba ya aiki.

A filin Texas Motorplex da ke Ennis na gwada, filin da aka buɗe a 1986, kankare ne tun daga farko har ƙarshe. A takardar da ake miƙo maka bayan gudu, lambar da za ka fara dubawa ita ce ta ƙafa 60 na farko, wajen mita 18. Tawa a da tana haura daƙiƙa 2, yanzu tana wajen 1.7, tsalle kuma ya ɓace ɗungum. Abin da aka rage a nan yakan ƙaru kafin a kai ƙarshen mita 402.

Sai dai kada a ba sandunan yabon da ba nasu ba. Da tayar titi ta yau da kullum, tsalle zai daina amma taya za ta ci gaba da juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. Sai da na haɗa da tayoyin Mickey Thompson ET Street, 275/60R15, na rage musu iska, sannan lambar ta sauko sosai.

A titi kuwa, duk abin da ya hana sifirin motsi zai sa ka ji ramuka a ƙugunka. Na kan sassauta sandunan in bar ɗan tazara kafin in kama hanyar Dallas, in mayar idan na isa fili.

Kafin ka fitar da 'yan ɗaruruwan dalolinka, duba irin sifirin motarka. Tsofaffin Nova, Camaro, Mustang, Dart da Duster duk za su ɗauka. Chevelle da yawancin GTO kuwa sifirin mai naɗi gare su a baya, nasu gyaran daban ne.