Rishon maganaɗisu a kicin ɗin Katsina: abin da ya iya da abin da ya gagare shi

A shagunan kayan lantarki da ke kan titin IBB da kuma cikin Babbar Kasuwar Katsina, yanzu ba wuya mutum ya ga wani irin risho mai baki ɗaya, shimfiɗaɗɗe, da baƙin gilashi a samansa, wanda ba ya fitar da harshen wuta kuma ba ya yin ja ko da an kai shi ƙarshen ƙarfinsa. Masu shago suna kiransa indakshan, kuma tun da kuɗin cika tukunyar gas ya fara fin ƙarfin masu albashi, mata da yawa suke tambayar ko zai iya raba su da gas da gawayi. Wanda nake girki da shi tun kafin azumin bara ƙirar ƙasar Sin ne, mai ƙarfin wat 2000, irin wanda ya fi yawa a kasuwa. Ra'ayina a kansa shi ne, risho ne mai sauri da tsafta wanda ya ci kuɗinsa, sai dai yana zaɓen tukunya, kuma mafi yawan tukwanen da ke gidajenmu ba sa cikin waɗanda yake karɓa.

Dalilin wannan zaɓe yana cikin yadda aka ƙera shi. A ƙarƙashin gilashin babu wani abu da aka sa domin ya yi zafi. Abin da ke wurin faifai ne na wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, da 'yan sandunan wani baƙin abu mai suna ferait a ƙasansa, waɗanda ke tattara ƙarfin maganaɗisu su mayar da shi sama inda tukunya take. Wutar da ke shigowa gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, amma na'urar da ke cikin rishon tana ɗaga wannan zuwa fiye da sau 20,000 kafin ta tura wutar cikin wayar. Tun a shekarar 1831 Michael Faraday ya nuna a Ingila cewa duk lokacin da ƙarfin maganaɗisu yake canzawa a kusa da ƙarfe, wutar lantarki tana tasowa a cikin ƙarfen ko da babu wayar da ta haɗa shi da komai. Irin wannan wutar ce ke kewayawa a gindin tukunya, kuma tirjiyar da ƙarfen yake yi mata ita ce ke zama zafi. Saboda haka tukunyar ita ke dafa kanta, gilashin kuwa ɗan zafin da yake yi daga tukunyar yake aro shi. Na taɓa shimfiɗa takarda tsakanin gilashin da buta, ruwa ya tafasa, takardar ta fito da ɗumi kawai ba ta ko canza launi ba.

To, me ya sa ba kowane ƙarfe yake amsawa ba? Abubuwa ba halinsu ɗaya ba a gaban maganaɗisu. Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt suna da ƙananan yankuna a cikin jikinsu, kowane yanki mayen ƙarfe ne a karan kansa, amma da yake kowanne ya fuskanci gefensa daban, sai su kashe ƙarfin juna, ƙarfen ya zauna kamar ba komai. Da zarar an kawo maganaɗisu kusa, yankunan nan sai su juyo su fuskanci gefe guda, su ninka ƙarfin da ya shigo su sau ɗaruruwa. Alminiyam ba shi da waɗannan yankuna; maganaɗisu yana jansa, amma ja ne mai rauni ƙwarai wanda hannu ba ya ji. Jan ƙarfe da zinariya da azurfa, har ma da ruwa, su kuma gudun maganaɗisu suke yi, shi ma a ɗan ƙanƙanin mataki da sai na'ura mai kaifi take ganewa.

Abin da wannan ke haifarwa a kan risho shi ne, a tukunyar baƙin ƙarfe wutar da ta taso ba ta nutsawa can ciki, tana matsuwa ne a wata siririyar fata a gindin tukunyar wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kuma matsatsin nan shi ke sa tirjiya ta yi yawa, zafi ya tashi nan take. Juyawar da yankunan nan suke yi gaba da baya ita ma tana ƙara ɗan zafi, ko da yake kasonta kaɗan ne. A alminiyam kuwa wutar tana samun wuri mai faɗi, kusan rabin milimita, ga shi kuma dama ƙarfe ne da wuta ke ratsawa cikin sauƙi, sai ta yi ta yawo ba tare da ta haifar da zafin kirki ba. Rishon yana gane haka cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai ya yi ta ƙara, ya nuna alamar babu tukunya, ya kashe kansa.

A nan ne matsalar Bahaushiya take. Manyan tukwanen nan masu kauri da maƙera ke zubawa daga narkakken alminiyam, waɗanda kowace amarya take zuwa da su kuma da su ake tuwo da shinkafar taro, babu ko ɗaya da rishon ya yarda da ita. Haka butar shayi ta silba, haka tukunyar ƙasa. Na karɓi mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a wurin wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Ƙaura, irin wanda 'yan gwangwan suke yawo da shi domin rarrabe baƙin ƙarfe da sauran karafa, na bi kayan kicin ɗina ina mannawa a gindinsu. Saitin tukwane masu ƙyalli da murfin gilashi da aka kawo mini tsaraba, waɗanda nake ji da su, mayen ƙarfen zamewa ya yi daga jikinsu ya faɗi ƙasa. Amma wata tsohuwar langa mai fure ta Hajiyarmu, wadda bakinta ya ɓaɓɓalle har tsatsa ta fito, da na kai shi kusa da ita sai ya fizge daga hannuna ya maƙale. Kwanukan fenti irin na iyayenmu baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da gilashi, shi ya sa rishon ya karɓe su hannu bibbiyu, sai dai da yake ba su da kauri, sun fi dacewa da tafasa ruwa da ɗumama miya mai ruwa-ruwa, domin abu mai kauri nan da nan yake kamawa a gindi.

Batun tukwanen ƙarfe mara tsatsa shi ya fi rikita masu saye, domin a ido duk iri ɗaya ne. Akwai nau'in da ake kira 304, mai kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, wanda shi ne mai tsada kuma ya fi jure tsatsa, amma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Abin mamaki ne, tun da baƙin ƙarfe da nikel kowanne shi kaɗai maganaɗisu yana jansa, sai dai haɗa su a wannan ma'auni yana canza yadda ƙwayoyin ƙarfen suke jeruwa, kuma a sabon jerin waɗancan yankuna ba sa samuwa. Nau'in 430 kuwa, wanda kusan babu nikel a cikinsa kuma ya fi araha, maganaɗisu yana kama shi sosai. Shi ya sa masu ƙera tukwanen kirki suke yin jiki da na farko, su liƙa faifan na biyu a gindi, su sa alminiyam a tsakani domin ya baza zafi. Ke nan a gindin tukunya ake gwaji, ba a gefenta ba, kuma tsada ba ta nuna komai a wannan fanni.

Ko ƙarfen ya dace, siffa ma tana da nata sharaɗin, domin ƙarfin maganaɗisun yana raguwa da sauri da zarar an ɗan yi nesa da gilashin. Kaskon suyar ƙosai baƙin ƙarfe ne, amma gindinsa zagayayye ne, ɗan wuri kaɗan ne ke taɓa gilashin, saboda haka ko dai rishon ya ƙi ganinsa ko kuma tsakiyarsa kaɗai ta yi zafi. Tandar waina ma haka. Tuƙin tuwo kuwa ban ba kowa shawarar ya yi shi a kai ba. Ana iya tafasa ruwa a yi talge, amma idan aka zo tuƙi da muciya, tukunyar tana zamewa a kan santsin gilashi, tana ɗagawa rishon yana yankewa, ga kuma fargabar kada nauyin hannu ya tsaga gilashin, wanda in ya tsage ba a ci gaba da amfani da shi.

Inda ya yi fice shi ne sauri. Lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar zafin da ya kai kimanin kilojul 315 kafin ta tashi daga digiri 25 zuwa tafasa, kuma da yake fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar da rishon ya ja yana zama zafi a cikin tukunya, a kusan minti 3 ruwan yake tafasa idan wuta tana da ƙarfinta. Murhun gas ba ya kai rabin zafinsa cikin tukunya, sauran yana bin gefe ya cika ɗaki, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a kicin a watan Afrilu a Katsina, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ta san darajar girkin da ba ya ƙara wa ɗaki zafi. Da azumi shi ya riƙa fitar da ni wajen sahur: ruwan shayi, ɗumamen miya, dafa taliya, duk kafin a kira assalatu. Wajen lissafin kuɗi kuwa, awa ɗaya a cikakken ƙarfi yunit 2 ce a mita. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13, amma idan aka cire wanda ke tafiya a iska, kimanin yunit 6 a wannan risho suna yin aikin kilo ɗaya. Kowa sai ya ninka kuɗin yunit ɗinsa sau 6 ya gwada da kuɗin kilo a unguwarsu, tun da ba rukunin kuɗin wuta ɗaya muke ba.

Yana da aibobi waɗanda ba na tukunya ba. Faifan wayar da ke ciki bai kai faɗin da'irar da aka zana a kan gilashin ba, kuma ana ganin haka ƙarara idan aka zuba ruwa kaɗan a faffaɗar tukunya: kumfa yana fitowa ne a zobe guda a tsakiya, gefe kuwa shiru. Idan aka rage wuta ƙasa sosai, ba ya raguwa da gaske, kunnawa yake yana kashewa, sai a ga miyar kuka ta zaɓalɓala ta lafa, ta sake zaɓalɓala, abin da ba ya yi wa dahuwar wake ko farfesun da ke son wuta a hankali daɗi. Fankar cikinsa tana da ƙara, kuma da hunturu tana zuƙar ƙura, dole a riƙa share ramukan iskar da buroshi, a kuma kula da kyankyasai masu son ɗumin ciki. Babban aibin dai shi ne dogaro da wuta. Idan wutar ta zo ba ƙarfi, sai ya nuna lamba ya ƙi tashi, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma a 230 na bolt yana jan kusan amfiya 9, wanda ya fi ƙarfin irin siraran wayoyin jona soket da ake sayarwa a bakin titi. A soket ɗin bango ya kamata a sa shi kai tsaye.

Akwai kuma abubuwan kiyayewa da suka samo asali daga halin ƙarfen kansa. Cokali ko wuƙa ko murfin gwangwani da aka ajiye a kan gilashin yana iya yin zafi, haka takardar alminiyam ta naɗe abinci, wadda saboda rashin kaurinta wutar ke matsuwa a cikinta har ta narke ta ɓata gilashin. Tukunyar da babu komai a ciki tana yin zafi fiye da yadda ake zato cikin ƙanƙanin lokaci. Gaskiya ne cewa baƙin ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa idan ya kai digiri 770, kamar yadda binciken Pierre Curie na Faransa ya fayyace a 1895, nikel kuma tun a wajen digiri 358, amma kada wata ta dogara da cewa wannan zai sa tukunya ta daina ƙara zafi da kanta, domin mai yana kamawa da wuta tun kafin a je ko'ina kusa da 770. Masu ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kuma ana ba su shawarar su bar tazarar santimita 60 tsakanin ƙirjinsu da rishon, su kuma tuntuɓi likitansu.

A wajen saye ne na fi ganin ana cutuwa, ba don mugunta ba sai don rashin sani. Akwai wani risho mai kama da wannan sak, baƙin gilashi da maɓallai iri ɗaya, amma shi yana yin ja idan aka kunna, domin waya ce mai zafi a ƙarƙashinsa, kuma yana ɗaukar kowace tukunya har ta ƙasa, sai dai bai kai wannan sauri ba kuma ya fi ɓarnar wuta. A wani shago na ji yaron shago yana ce wa wata baiwar Allah, "Hajiya, duk ɗaya ne, kowace tukunya kika ɗora zai dafa," alhali na maganaɗisu ne a hannunsa. Hanyar rarrabewa ita ce a sa a jona shi a shagon a kunna ba tukunya: idan ya yi ja, mai waya ne, idan ya tsaya yana ƙara, na maganaɗisu ne. Faifan ƙarfen da ake tallatawa wai a ɗora a kai sannan a ɗora tukunyar alminiyam yana aiki, amma yana cinye saurin da tsimin da aka sayi rishon dominsu, saboda haka ban ga amfaninsa ba.

Ga ma'aikaciya mai ƙananan iyali, ko ɗalibi, ko mai shayin da ke kan layin da wuta ke zama, ina ganin saye ne mai kyau, muddin an sa kuɗin tukunya biyu da buta masu faffaɗan gindi a cikin lissafi, an kuma je kasuwa da mayen ƙarfe a jaka. Gidan da ake ɗora tukunyar tuwon mutum goma sha kowane dare kuwa, ya ɗauke shi a matsayin risho na biyu na shayi da ɗumame, ya bar gas ko gawayinsa a inda suke.