Yadda Na Tarar da Koyar da Ilimin Halittu a Birmingham

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aikina na ƙananan sakandare a Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga amsar tambayar da da yawa daga cikinku suka yi ta aiko mini tun da na kama aiki a nan Ingila, wato ko gaskiya ne ɗakunan gwaje-gwajensu sun kai yadda ake ba da labari.

Na samu zuwa ne ta ƙofar da gwamnatin Birtaniya ta buɗe a watan Fabrairun 2023, lokacin da ta amince malaman kimiyya da lissafi da harsuna daga Najeriya da Gana da wasu ƙasashe su nemi shaidar koyarwa ta Ingila. Yaran da nake koyarwa 'yan aji 7 zuwa aji 9 ne, masu shekara 11 zuwa 14, tsaran 'yan JSS 1 zuwa JSS 3 ke nan. Abin da ake koya musu bai yi nisa da manhajarmu ta NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta Najeriya, ba: ƙwayar halitta, narkewar abinci, numfashi, haihuwa, da yadda tsiro yake haɗa abincinsa.

Game da kayan aiki, ba zan ɓoye muku ba, ruwa ba sa'an kwando ba ne. A aji mai yara talatin, kowane biyu suna da madubin ƙara girma ɗaya, kuma kowane teburi yana da famfon ruwa da bututun gas. Ranar da na fara darasin albasa, kowane yaro ya ɓare tantanin albasarsa da hannunsa, ya ɗiga masa ruwan sinadarin aidin, ya leƙa ya ga ƙwayoyin a jere tamkar tubalan gini, kamar yadda Robert Hooke ya ga irinsu a ɓawon itace a 1665. Sai na tuna makarantar da na baro, inda madubinmu guda ɗaya yake kulle a kabad saboda tsoron kada ya lalace, ni kuwa na shekara bakwai ina zana ƙwayar halitta da alli ga yara fiye da tamanin waɗanda ba su taɓa ganin ta ba.

Sai dai da na ɗan zauna, na fahimci cewa ba madubin ne yake ɗauke da aikin ba, wata mata ce da ɗakinta yake bayan ɗakunan gwaje-gwaje, wadda suke kira teknishiyan. Kafin mako ya fita nakan rubuta mata abin da zan buƙata a mako mai zuwa, idan ranar ta zo sai in tarar da komai a kan ƙaramin keken turawa, an auna sinadarai, an manna wa kowace kwalba sunanta, kuma bayan darasi ita za ta wanke ta gyara abin da ya sami matsala. Idan gwaji yana da haɗari, akwai ƙungiyar CLEAPSS da makarantu suke biyan kuɗin shiga, wadda take rubuta ƙa'idojin tsaro dalla-dalla. Ban da haka, doka ta ware wa malami kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa domin shirya darasi da duba aikin yara. A ganina, ko da an sauke mana kwantena guda ta madubai a Kano, muddin babu mai kula da su da lokacin shirya su, to kabad ɗin nan za su koma. Abin mamaki shi ne albashin waɗannan ma'aikata ƙanƙane ne, kuma su kansu Turawan suna kukan ƙarancin malaman kimiyya, har ni da na karanta ilimin halittu an ɗora mini fiziks da kemistiri.

Yanzu bari in zo inda muka fi su, domin akwai. Kun san gwajin sitaci a ganye: a ajiye tsiro a duhu kwana biyu, a rufe wani sashe na ganyen, a fitar da shi rana, sannan a tafasa ganyen a cire korensa a ɗiga aidin, inda rana ta taɓa ya yi baƙi-baƙi. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Birmingham kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma ko da tsakar rana yawanci gajimare ne, saboda haka sai da muka kwana muna haska wa tsiron fitila, duk da haka sakamakon ya fito dishi-dishi, yara suna kallona kamar na yi musu ƙarya. A Kano ganyen rogo ko na wake da 'yan awoyi na ranar hantsi sun isa. Haka nan ciyawar ruwa da ake ƙirga kumfar iskar da take fitarwa, a nan sai an yi odarta daga kamfani, wasu nau'o'in ma an hana sayar da su saboda suna mamaye koguna, alhali kowane kududdufi a gida cike yake da gansakuka da kainuwa da tsutsar sauro, kyauta.

Labarin zuciya da huhu ya fi ban dariya. Zuciyar ragon da ake samu a manyan kantuna yawanci masu duba lafiyar nama sun riga sun tsaga ta, an kuma datse jijiyoyin da suke samanta, wato ainihin abin da ake so yaro ya gani. Sai da na je wajen wani mahaucin halal a unguwar Small Heath na roƙe shi ya ajiye mini huhu da zuciya da maƙogwaro a haɗe. Da muka hura huhun da famfon keke, domin ƙa'ida ta hana hurawa da baki, yara suka yi ta ihu, biyu suka nemi izinin fita shan iska. Yawancinsu ba su taɓa ganin cikin dabba ba, naman da suka sani shi ne na cikin leda. Yaron Fagge ko Gwale kuwa kowace Babbar Sallah yana tsugune ana fiɗa, ya san hanta da saifa da tumbi da sunayensu, abin da ya rage kawai malami ya gaya masa aikin kowanne. Na yi nadamar cewa duk shekarun da na yi a gida ban taɓa zuwa kwata na sayo huhu na kai aji ba.

Malam, kai da ka tambaye ni abin da zan iya aikowa, na sayi madubin takarda da ake kira Foldscope guda goma, wanda Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka. Yana ƙara girman abu sau 140, ba ya buƙatar lantarki, kuma ya isa a ga ƙwayoyin albasa da ƙananan halittun ruwan kududdufi, amma kada ku sa ran ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi. Zan ba wani ɗan'uwa da zai taho hutu ya kawo muku. Don Allah a raba wa yara su riƙe da hannunsu, kada a kai su ofis, idan ɗaya ya yage ku sanar da ni in aiko da wani. A gaishe mini da shugaban makaranta da sauran malamai.